Tsakanin Telabi da Signagi

Mako uku taswira na shimfiɗe kan teburin girki,
kwalbar gishiri ta danne kusurwa ɗaya, tabarau ya danne ɗaya.
Eteri ta ɗora yatsa kan Signagi,
ni na ɗora nawa kan Telabi.
Tsakanin yatsun nan tafiyar awa guda ce a mota,
mu kuwa shekara arba'in da ɗaya muna yin ta, ba mu isa ba.

Ta ce, Signagi na kan tudu, Guram,
ganuwa ta ɗaure ta kamar ɗamara.
Da asuba hazo kan cika kwarin Alazani
har ka rantse nono aka juye a ƙwarya,
duwatsu can nesa da hular ƙanƙara.
Na ce, na ji. Gwiwata fa?
Kowane lungu a can matakala ce ta yi shigar hanya.
Ta ce, gwiwar da ta hau bene biyar neman aurena?
Na ce, waccan ta rasu, wannan ƙanwarta ce.

Na ce, Telabi garin mazauna ne, masu ɗaukar hoto ba su cika ta ba.
Akwai kasuwa, cuku mai gishiri,
alewar inabi a rataye kamar kyandir,
da tsohuwar bishiya mai inuwar unguwa guda,
in zauna gindinta in ji manoma na zagin farashi.
Ta ce, kasuwa ka baro a Tibilisi
don ka je hutu a wata kasuwa?

Ɗanmu ya bugo waya yana ƙirga taurarin masauki,
wannan huɗu, wancan huɗu da rabi.
'Yarmu ta ce ku raba kwanakin mana.
Eteri ta ce, ni ba na kwance jaka sau biyu.
Babu wanda ya ambaci takardar likita
da ke ninke a aljihun rigata:
rabin kofi, shi ma ranar biki.

Muka jefa kwabo.
Ya gangara ƙarƙashin firiji, ya yi zamansa.

Ranar tafiya direban ƙaramar bas ya ce, ina zuwa?
Muka amsa tare, kowa da garinsa.
Ya dube mu ta madubi, bai ce uffan ba,
sai a mararraba ya taka birki:
dama taku, hagu naka, ku sauka ku ƙarasa.

Muna tsaye da jaka ɗaya, rana na dukan ƙeya,
sai ga wata tsohuwa kan tarakta,
kwanduna a baya, zuma na bin su.
Ba ta tambayi sunanmu ba.
Ta ce, kuna da hannu? Hadari na tafe, inabina na tsaye.

Lamara sunanta.
Muka yi ta yanka nonnan inabi har tafin hannu ya yi baƙi,
na durƙusa, na manta da wadda ta rasu da ƙanwarta duka.
Da dare ɗanta ya share ƙasa daga bakin randa,
randar da aka binne har wuya tun zamanin kakansa,
ya zura ludayi mai dogon hannu cikin duhu.
Ƙamshi ya fito kafin ruwan.
Eteri ta karɓi kofina, ta shanye rabi, ta miƙo mini saura.

Daga tagar ɗakin da aka ba mu
fitilun Signagi na kan tudu kamar an watsa gero.
Telabi ba a ganin ta, tana bayan duhu.
Eteri ta ce, ka gani, tawa ce ake gani.
Na ce, ki matsa, kin danne min bargo.

Mun dawo gida yau kwana tara.
Baƙin bai gama fita daga farcena ba.
Kwabon na nan ƙarƙashin firiji,
ta share ko'ina, ta tsallake wurin.